Aikin da ke ƙarƙashin jan kafet a tsohuwar Hollywood

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi bayani kan hotunan nan marasa launi na tsoffin taurarin fina-finan Amurka da matasanmu ke yawan yaɗawa: mace cikin doguwar riga mai jan ƙasa, namiji cikin baƙar kwat, fitilu na keta sararin sama, jama'a maƙil a bayan igiya. Masu shirya fim a ƙasar nan ma sun ari jan kafet, suna shimfiɗa shi duk ranar da za su haska sabon fim, kuma ba mu ga laifin hakan ba. Abin da ke damun mu shi ne an ɗauko kafet ɗin an baro aikin da ke ƙarƙashinsa, alhali a nan darasin yake, da daɗinsa da ɗacinsa.

Zamanin da muke magana a kai ya faro ne daga shekarun 1920 zuwa farkon na 1950. Manyan kamfanoni biyar ne ke riƙe da harkar: MGM, Paramount, Warner Bros, 20th Century Fox da RKO. Kowannensu yana da filin ɗaukar fim nasa, da 'yan wasa da ma'aikatan da yake biya albashi, da hanyar rarraba fim, da kuma jerin gidajen sinima. A ƙasansu akwai Universal da Columbia da United Artists. Wanda ya mallaki gona da jaki da rumfar kasuwa ba zai bar ranar buɗe kasuwa ta zo masa a ba-zata ba. Saboda haka daren farko na fim talla ne da aka tsara, kuma sashen talla na kamfani ne ke ɗaukar nauyinsa.

Mutumin da ake jingina wa wannan al'ada shi ne Sid Grauman, mai gidajen sinima. Ranar 18 ga Oktoba 1922 ya buɗe gidan Egyptian a Hollywood da fim ɗin Robin Hood na Douglas Fairbanks, tikitin daren dala 5, kuma wannan daren ne ake ɗauka a matsayin irinsa na farko a garin. Ranar 18 ga Mayu 1927 ya buɗe gidan Chinese da The King of Kings na Cecil B. DeMille. A farfajiyar wannan gidan ne taurari ke dangwala hannu da ƙafa cikin ɗanyen siminti su rubuta suna da kwanan wata. Mary Pickford da Fairbanks da Norma Talmadge na cikin na farko. Daga baya Betty Grable ta bar shatin ƙafarta, Harold Lloyd ya bar na tabaronsa, har dokin Roy Rogers ya bar kofatonsa. Grauman kan kuma sa a yi wasa na ido da ido a kan dandamali, da makaɗa da 'yan rawa, kafin a soma haska fim.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni kafin daren, ana ɗaukar fim ɗin a kai shi wani ƙaramin gari kusa da Los Angeles, a haska shi bayan fim ɗin da mutane suka biya kuɗi su kalla, ba tare da an sanar da sunansa ba. Manyan kamfani na zaune a baya suna sauraren inda aka yi dariya, da inda aka fara tari da mutsu-mutsu, da inda mutane suka tashi suka fita. A ƙofa a raba katin tambayoyi. Abin da katin ya nuna shi ake bi a yanke fim ko a sake ɗaukar wani ɓangare. Hanyar na da amfani, tana kuma da ɓarna, domin wani lokaci 'yan kallon da aka gwada da su ba su ne aka yi fim ɗin dominsu ba. A watan Maris 1942 an gwada The Magnificent Ambersons na Orson Welles a garin Pomona, 'yan kallo suka ƙi shi. Welles na Brazil a lokacin. RKO ta yanke sama da minti 40, ta sauya ƙarshen labarin, fim ya koma minti 88, kuma abin da aka yanke ba a adana shi ba. Har yau masana na cizon yatsa a kan wannan asara, mu ma muna ganin sun yi gaskiya.

Sai kuma ita tauraruwar da za ta taka kafet. Yawanci kwantiragin shekara bakwai ta sa wa hannu, amma kamfani ne kaɗai ke da ikon sabunta shi ko ya sallame ta duk bayan wata shida. Ita ba ta da ikon tafiya. A yawancin kwantiragin albashin mako 40 ake lamunce wa ɗan wasa a shekara, sauran 12 kamfani na iya ajiye shi ba biya. Kamfani ke zaɓa mata fim, yana iya ba wani kamfani aron ta ya karɓi kuɗin da ya fi albashinta ya riƙe ribar. Idan ta ƙi rawar da aka ba ta, sai a dakatar da ita ba albashi, sannan a ɗora waɗannan watanni a ƙarshen kwantiragin, ta yadda shekara bakwai kan zarce bakwai. Bette Davis ta yi ƙoƙarin kuɓuta daga Warner Bros a 1936, aka kai ta kotu a Ingila ta sha kaye. Olivia de Havilland ce ta karya wannan ƙa'ida: kwantiraginta ya ƙare a 1943, Warner ta ce saura wata shida na dakatarwa, ta kai ƙara, a Disamba 1944 kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta ce shekara bakwai na nufin shekara bakwai na kalanda. Ta yi kusan shekara biyu ba ta yi aikin sabon fim ba saboda wannan shari'a.

Har suna da fuska na kamfani ne. Archibald Leach ya koma Cary Grant, Frances Gumm ta koma Judy Garland, Lucille LeSueur kuwa gasa aka sa a mujalla a 1925 masu karatu suka zaɓa mata Joan Crawford. Margarita Cansino, kafin ta zama Rita Hayworth, sai da aka bi gashin goshinta ana kashe shi da allurar lantarki domin goshin ya faɗaɗa, aka rina sauran ya koma ja. Judy Garland ta sha faɗa da bakinta cewa tun tana ƙaramar yarinya ake ba ta ƙwayoyin hana barci da na sa barci domin ta jure aiki. Ta rasu a 1969 tana da shekara 47. Duk wanda zai yi sha'awar waɗannan hotuna ya kamata ya san wannan.

Su kansu hotunan aikin hannu ne. George Hurrell, wanda ya yi wa MGM aiki a farkon shekarun 1930, da babbar kyamara mai nagatif inci 8 da 10 yake ɗauka. Ya fi son a zo masa ba a cika fuska da hoda ba, domin hoda na kashe ƙyallin fata. Sai ya ɗaga fitila sama ta sauko kan fuska, ta fito da ƙashin kunci, inuwa ta kwanta ƙarƙashin hanci da haɓa. Bayan an wanke nagatif, mai gyara ya ɗora shi a kan gilashi mai haske, ya bi shi da fensiri mai tsinin allura yana cike kowane tabo da kowace ƙyasfi ɗaya bayan ɗaya, aikin da kan ci awanni a hoto guda. Idan ya wuce gona da iri fuska ta koma kamar ta 'yar tsana, idan hannunsa ya yi nauyi zanen fensirin ya fito a takarda. Fatar da 'yan mata ke gani a hotunan nan suna raina tasu, babu mai ita a duniya.

Ranar biki, sashen talla ya riga ya rubuta wa zai zo da wa, da ƙarfe nawa, a wace mota. Sau da yawa saurayi da budurwar da suka sauko tare kamfani ne ya haɗa su domin jaridu su samu abin rubutawa. Rigar ma kan fito daga ɗakin tufafin kamfani, inda irin su Adrian a MGM da Edith Head a Paramount da Orry-Kelly a Warner ke aiki, washegari a mayar. Ƙananan 'yan wasa su ake fara saukewa, manya a ƙarshe, domin in babban tauraro ya riga shiga, jama'a da masu hoto sun gama da wurin. Ana kafa benci masu hawa-hawa a gefen titi domin 'yan kallo, a ja igiya, a jera 'yan sanda. A bakin ƙofa akwai mai gabatarwa da makirfo, maganarsa na fita ta lasifika kuma tana tafiya kai tsaye a rediyo. Abin da ya fi ɓata tsari shi ne cunkoson motoci. A watan Mayu 1930, daren Hell's Angels na Howard Hughes a gidan Chinese, jiragen sama na shawagi a bisa, jama'a suka toshe titin Hollywood Boulevard har motocin baƙi suka riƙa tafiyar hawainiya.

Masu ɗaukar hoton jarida na riƙe da kyamarar Speed Graphic mai nagatif inci 4 da 5. Kowace ma'ajiya fallen fim biyu take ɗauka, kowane ƙwan fitila kuma walƙiya ɗaya yake yi ya mutu. Mai hoto zai danna, ya fitar da ƙwan da zafinsa, ya sa sabo, ya juya ma'ajiyar, duk kafin tauraruwa ta wuce. Shi ya sa aka koya wa taurari su tsaya, su juyo, su riƙe murmushi na 'yan daƙiƙoƙi. Tsayuwar nan da ake kwaikwayo a yau daga gazawar kyamarar wancan zamani ta samo asali. Fitilun da ke haska sama kuwa ba ƙwai gare su ba. Sandunan kabon biyu ne ake kusantar da bakinsu, lantarki ya yi tsalle tsakaninsu ya ba da farin haske, madubi ya tattara shi ya harba sama. Bayan yaƙin duniya na biyu an samu rarar na soja, masu madubi inci 60, waɗanda aka ƙera domin neman jiragen abokan gaba, kowacce da janaretonta da mai kula da ita. A lokacin yaƙin, bayan harin Pearl Harbor na Disamba 1941, dokar rage haske da dare ta sa an daina kunna irin waɗannan fitilu a gaɓar Kalifoniya.

Daren da ya fi kowanne suna ba a Hollywood aka yi shi ba. Ranar 15 ga Disamba 1939 aka haska Gone with the Wind a gidan Loew's Grand da ke Atlanta, bayan an yi ta shagulgula a garin, gwamnan jihar Jojiya ya ba da hutu, tikiti dala 10 a lokacin da kuɗin shiga sinima bai wuce kimanin santi 25 ba. An gina wa fuskar gidan ginshiƙai irin na gidajen masu gonakin auduga na cikin labarin. Clark Gable ɗan MGM ne, aronsa aka ba David O. Selznick, mai shirya fim ɗin, a madadin haka MGM ta zuba dala miliyan ɗaya da dubu 250, ta karɓi rarraba fim ɗin da rabin riba. Hattie McDaniel da sauran baƙaƙen fata da suka fito a fim ɗin ba su halarta ba, saboda dokar wariyar launin fata ta jihar. A Fabrairu 1940 McDaniel ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar, kuma a wurin bikin ma teburi daban aka ajiye ta a gefe, nesa da abokan aikinta. Mu da muke baƙaƙe, bai kamata mu kalli hotunan Atlanta ba tare da mun tuna wadda aka hana shiga ba.

Yanzu bari mu hau bene zuwa ɗakin majigi, inda ba a ɗaukar kowa hoto, amma a nan daren ke gyaruwa ko ya lalace. Fim ɗin faɗinsa milimita 35, yana gudu hoto 24 a daƙiƙa, hoto 16 a kowace ƙafa, wato ƙafa 90 a minti. Naɗi ɗaya mai ƙafa 2,000 kimanin minti 20 yake yi. Fim ɗin awa biyu ƙafa 10,800 ne, naɗi shida ke nan, Gone with the Wind kuwa ya kusa ƙafa 20,000. Don haka majigi biyu ake jerawa, ɗaya na aiki ɗaya na jira da naɗi na gaba a ɗaure. Dab da ƙarshen naɗi, wani ɗigo kan bayyana a kusurwar sama ta dama na allo, tsawon hoto huɗu kacal, ƙasa da ƙiftawar ido biyu. Da mai majigi ya gan shi sai ya tayar da injin na biyu. Bayan kimanin daƙiƙa bakwai ɗigo na biyu ya fito, saura daƙiƙa ɗaya naɗin ya ƙare, nan take ya buɗe hasken wannan ya rufe na wancan, ya mayar da sauti. In ya makara, 'yan kallo su ga farin allo. In ya yi gaggawa, su ga lambobin ƙirge na farkon naɗi. In ya yi daidai, ba wanda zai san an sauya.

Akwai sauran wuraren tuntuɓe. Kowane hoto ramuka huɗu gare shi a gefe. Idan fim ya tsinke aka liƙa shi aka kuskure rami ɗaya, layin da ke raba hotuna zai fito a allo, kawuna a ƙasa ƙafafu a sama, sai an murɗa an daidaita. Sauti a gefen fim yake, yana gaban hotonsa da hoto 20, domin wurin karanta sauti na ƙasa da tagar haske. Tsakaninsu ana barin ɗan lanƙwasa a fim, kuma idan lanƙwasar ta yi yawa ko ta yi kaɗan, baki zai motsa daban magana ta fito daban. Fitilar majigin ma ta kabon ce: sandunan na cinyewa, tazararsu na buɗewa, hasken allo ya rine ko ya dushe, in an yi sakaci ya mutu gaba ɗaya. A farkon zuwan sauti abin ya fi haka wuya. The Jazz Singer na kamfanin Warner Bros, wanda aka fara haskawa a New York ranar 6 ga Oktoba 1927, sautinsa a faifan garmaho yake, mai faɗin inci 16, kowane naɗi da faifansa. Ana ɗora allura a kan wata kibiya da aka zana, a tayar da su tare. In fim ya tsinke aka zubar da hoto biyar, dole a liƙa baƙin fim na hoto biyar a gurbinsu, in ba haka ba magana ta saɓa da baki har ƙarshen naɗin. 'Yan'uwan Warner ba su ga wannan daren ba, domin Sam Warner, wanda ya fi su dagewa kan sauti, ya rasu ana gobe.

Babban haɗarin shi ne fim ɗin kansa. Har zuwa farkon shekarun 1950 da sinadarin naitiret ake yin fim ɗin sinima, dangin audugar da ake haɗa albarushi da ita. Idan ya tsaya cak a gaban fitila, cikin daƙiƙoƙi zai kama. In ya kama, yana samar wa kansa iskar da wuta ke ci, don haka ruwa ba ya kashe shi, yashi ba ya kashe shi, hayaƙinsa kuma guba ne. Saboda haka ake gina ɗakin majigi da abin da wuta ba ta ci, a sa naɗi cikin akwatin ƙarfe mai rufi, a rataye murafun ƙarfe a saman tagogin ɗakin da wani ɗan ƙarfe mai saurin narkewa, zafi na tashi ya narke murafun su faɗo su rufe. Tsohon naitiret da ya fara ruɓewa yana iya kamawa da kansa a zafin da bai fi digiri 41 na ma'aunin Salshiyas ba. Haka ta faru a rumbun Fox da ke Little Ferry a jihar New Jersey a Yuli 1937, lokacin tsananin zafi, inda mafi yawan fina-finan kamfanin marasa magana suka ƙone. Theda Bara, wadda ta kasance babbar tauraruwarsu, kaɗan ne daga fina-finanta suka rage. Wani rumbun MGM ma ya ƙone a 1965. Binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun salwanta baki ɗaya.

Wannan ba labarin nesa ba ne ga mutanen Kano. Ranar 13 ga Mayu 1951 sinimar El Duniya ta kama da wuta, mutum 331 suka rasu, kuma binciken hukuma ya danganta tashin wutar da fina-finai masu saurin kamawa da ke ɗakin majigi. Allah ya jiƙansu da rahama.

Tsarin kamfanonin ya fara rushewa a 1948, da kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Paramount, wanda ya kai ga raba su da gidajen sinimarsu ya kuma hana su tilasta wa masu sinima sayen fina-finai a dunƙule. Talabijin ta shigo gidaje, 'yan kallo suka ragu, aka riƙa sallamar 'yan wasan kwantiragi.

Muna da kira ga duk wanda ya gaji tsoffin gwangwanayen fim, ko ya tarar da su a sito ko a tsohon gidan sinima. A auna faɗin fim ɗin tukuna. Ƙananan nan masu milimita 16 da 8 da Kodak ta yi ba na naitiret ba ne. In mai 35 ne, a warware kaɗan a inuwa a duba gefensa, inda ake buga NITRATE ko SAFETY da ƙananan baƙaƙe. In ba rubutu kuma ya girmi 1952, a ɗauke shi a matsayin naitiret. Warin ruwan tsami mai kama da binega alama ce ta ɗaya nau'in, wato mai SAFETY, yana lalacewa, shi ba ya kamawa kamar wancan, amma a raba shi da sauran domin yana harbin na kusa da shi. Naitiret kuwa yakan fara rinewa zuwa ruwan zuma, ya yi danƙo, ya yi kumfa, daga ƙarshe ya zama jan gari. Kada a gwada shi da ashana, kada a sa shi a majigi, kada a bar shi a ɗaki mai rufin kwano ko kusa da janareto ko inda mutane ke kwana, kada kuma a liƙe bakin gwangwanin da salatif, domin iskar da yake fitarwa tana ƙara cin sa in ba ta samu mafita ba. A ajiye shi wuri mai sanyi da bushewa, sannan a tuntuɓi ma'adanar fina-finai ta ƙasa da ke Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, kafin a ɗauke shi zuwa ko'ina.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu nazarin tarihin sinima, Kano.